Ɗakin Ƙasa Ba Na Haya Ba Ne

Na ga saƙonninku, masu karatu, har da na baiwar Allahn da ta ce in rufa wa kaina asiri in riƙe saurayina hannu bibbiyu, wai miji ya yi tsada a wannan zamani. Na gode 'yar'uwa. Ki daure ki karanta wannan har ƙarshe, in kin gama sai ki sake ba ni shawarar.

Waɗanda yau suka fara shigowa kuwa, bari in gutsura muku. Ni ce auta a gidanmu, ina aiki a wani kemis da ke bakin titi daga safe zuwa la'asar. Babanmu tsohon direban babbar mota ne, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, yanzu a keke ake tura shi. A unguwarmu akwai laburaren gwamnati, wani tsohon bene da fentinsa ya koɗe. Sama ɗalibai ke zama da manyan littattafai. Ƙasa kuwa nan jaridu suke, da kusurwar yara, da ajin yamma na matan da ke koyon karatu bayan girma ya zo. Bara kwamitin da ke gudanar da wurin ya ce zai rufe shi, a kwashe littattafan a kai sito. Muka ce ba mu san zancen ba. Muka yi ta zarya ofis-ofis, muka yi zaman dirshan a bakin ƙofa, har suka gaji da ganin fuskokinmu. Daga ƙarshe suka fasa rufewa, suka kuma yarda su ba mutanen unguwa kujera ɗaya a cikin kwamitin, wadda masu katin laburare za su zaɓa da kansu.

A cikin wannan rigimar na haɗu da Lauya. Ba lauya ba ne, malamin tarihi ne a sakandare, bakinsa ne ya jawo masa sunan. In ya miƙe yana magana, ko mai sauri sai ya tsaya. Ni ma haka na tsaya, kuma har yau ban wuce ba. Kowa ya san kujerar tasa ce, babu ma wanda ya yi tunanin ja da shi. Kowa a gidanmu kuma ya san mako mai zuwa manyansa za su zo wurin Baba a kan maganata.

Ranar Alhamis bayan magariba saƙonsa ya shigo: "Likita, ina waje. Ki fito da tukuicin albishir."

Likita yake ce min saboda kemis, alhali ya san iyakata in karanta rubutun likita in miƙa magani. Na zura doguwar rigata ruwan toka mai ƙananan furanni a bakin hannu, na yafa baƙin mayafi, na ɗan fesa turaren da Yayata ta manta a ɗakina, wanda ni kuma ban ga dalilin tuna mata ba. Mama na tsakar gida tana tsince shinkafa, ta bi ni da ido tana murmushi ƙasa-ƙasa.

"A gaishe shi," ta ce. Ita da a da ko sunansa ba ta son ji, wai ɗan tayar da zaune tsaye ne.

Na same shi a kan bencin ƙofar gida, ya naɗe hannun farar rigarsa, alli ya ɓata masa bakin aljihu. Fuskar nan tasa kamar wanda aka yi wa kyautar mota.

"An gama," ya ce tun ban zauna ba. "Laburare ya tsira, Likita. Ba na bana kaɗai ba, har jikokinmu."

"Jikokin wa?"

"Namu mana. Zauna ki ji."

Na zauna a ƙarshen benci. Ya ce ya gana da Ciyaman, wato shugaban kwamitin, wani dattijo mai ƙaton tabarau wanda bara ya ce mana karatun littafi ya zama tsohon yayi. Wai akwai wani kamfanin waya da ke neman wurin buɗe ofis. Da kuɗin hayar za a sauya kwanon da ke yoyo, a sa sola, a sayo kwamfutoci da sababbin littattafai.

"Ina za su buɗe ofishin?" na tambaya.

"Ƙasa. Jaridu da yara da ajin mata duk su koma sama. In an matsa kantocin littattafai akwai wuri."

"Baba fa?"

Bai yi mamakin tambayar ba, da gani ya shirya mata tun a hanya.

"Na yi tunanin Baba. Samari sun cika wurin nan. Duk ranar da ya zo, mutum biyu su kama keken su hau da shi. Ni da kaina zan riƙa ɗaukar sa."

Masu karatu, da kyakkyawar zuciya ya faɗa, na sani. Amma ku ji. Baba mutum ne da ya yi rayuwarsa a kan hanya, ko jakarsa ba ya yarda wani ya riƙe masa. Tun da ciwon nan ya same shi babu abin da ya tsana kamar a ɗaga shi. In Yayanmu zai ciro shi daga gado zuwa keke, runtse ido yake yi har a gama. A duk garin nan wuri ɗaya ne yake shiga ba tare da an ɗaga shi ba, shi ne ɗakin ƙasan nan, domin shi da tsofaffin abokansa ne suka haɗa siminti aka yi gangare a bakin ƙofar. Ina kai shi bakin gangaren yake ce min in saki. Da hannun dama da ƙafar dama yake jan kansa har teburin jarida. Matattakalar benen kuwa siririya ce, a miƙe take kamar tsani, ni mai ƙuruciya ma sai na huta a tsakiya.

"Mutane sun sani?" na ce.

"Bayan zaɓe za a sanar. In aka faɗa yanzu masu zafin kai za su ɓata komai, kamfanin ya gudu. Kin san mutanenmu."

"Na san su. Su ne suka zauna cikin rana don a samu kujerar da za ka hau."

"Da babu gara ba daɗi, Likita. Kin manta ke kike tara bokiti a sama in ana ruwa? Nan da damina biyu silin ɗin zai rufto a kan yaran mutane, su kuma kwamiti su ce sun faɗa. Gwamnati ba za ta ba da ko ƙusa ba."

Gaskiya ya faɗa, kada ku ce na ɓoye. Na tara bokitin, na kuma shanya littattafan da suka jiƙe a kan taga har suka kumbura kamar burodi. Amma gaskiyar ba ita ce ta dame ni ba.

"Wa ya aike ka ka zaɓa mana?" na ce. "Jibi ne taron tsayar da ɗan takara. Ka miƙe ka faɗa musu yadda ka faɗa min. In sun yarda, shi ke nan, ni ma na yi shiru."

Ya shafa kai. "Zan yi tunani."

Da zai tafi ya ce ban ba shi tukuicinsa ba. Na ce da wasa ya biyo ni bashi. Babu wanda ya yi dariya a cikinmu.

Washegari da na tashi daga aiki na tura Baba laburare kamar kullum. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon ɗakin kamar ban taɓa ganinsa ba. Fanka ɗaya ce ke juyi, tana kuka kamar za ta faɗo. Tsofaffi sun kewaye dogon tebur suna musu a kan labarin da ba su gama karantawa ba. A kusurwa yara sun baje a kan tabarma. Can ciki matan aji sun jera a benci, wata da goyo, wata da tsohon ciki, ga Iya mai kayan miya a gaba, ta miƙe ƙafarta mai ciwon gwiwa a kan kwali, tana bin baƙaƙe da yatsa tana motsa leɓe. Ita ce ta taɓa ce min karatun nan take yi don ta daina kai wa maƙwabta saƙon ɗanta su karanta mata su ji sirrinta.

Malamar da ke kula da laburaren ta matso kusa da ni tana gyara jaridu.

"Makon jiya wasu mutum biyu sun zo da takalma masu ƙyalli," ta ce ba tare da ta kalle ni ba. "Sun leƙa tagogi, sun ƙwanƙwasa bango. Ni ma'aikaciya ce, an ce in ja bakina. Kin ga ban ce miki komai ba."

"Ban ji komai ba, Malama."

Da muka koma gida na tarar da Gwaggo, ƙanwar Baba, ta zo da sabon labule ruwan zuma, ita da Mama suna gwada shi a tagar falo saboda baƙin mako mai zuwa. Da na san abin da zai biyo baya da na bari ta tafi tukuna. Amma cikina ba ya riƙe magana. Na kwashe komai na faɗa musu, na ce in bai faɗa wa mutane gobe ba, ni zan tambaye shi a gabansu.

Gwaggo ta sauko daga kan kujerar da ta taka, ta riƙe ƙugu.

"Ke yanzu mijinki za ki kunyata a gaban jama'a a kan ɗakin jarida? Jaridar ce za ta aure ki?"

"Bai zama mijina ba tukuna, Gwaggo."

"Da wannan bakin naki ba zai zama ba."

Mama ba ta ɗaga murya ba, kuma nata ya fi yi min ciwo. Ta ajiye labulen ta kama hannuna.

"Auta, yaron nan ba shi da makusa. Yana ganin girman ubanki, yana da aikinsa, ba ya shaye-shaye. Ki bar maza su yi abinsu. In kin shiga gidansa kya gaya masa a ɗaki. Maganar ɗaki ta fi ta taro shiga kunnen namiji, ki tambaye ni."

"Kafin in shiga gidansa an sa wa ɗakin kwaɗo, Mama."

"To sai me? Duniya ce za ta tashi?"

Sai muryar Baba ta fito daga ɗakinsa yana kirana. Ashe ƙofar a buɗe take, komai a kunnensa. Na same shi a gefen taga, rediyo a cinyarsa a kashe.

"Kada ki yi don ni," ya ce. Tun ciwon nan maganarsa a hankali take fita, sai ka jira ta. "Na karanta jaridar da ta ishe ni. Duk ƙarya ɗaya ce, kwanan wata kawai suke sauyawa."

"Baba, in an ce sai an ɗauke ka za ka hau, za ka je?"

Ya juya ya kalli waje.

"Ba zan je ba."

"To ka gani."

"Ban ga komai ba. Zaman tsoho a gida bai kai auren yarinya ba."

"Ba kai kaɗai ba ne, Baba. Iya ma ba za ta hau ba. Mai ciki ba za ta hau ba. Kuma ko da kowa zai iya hawa, ba a tambaye mu ba. Shekara muka yi muna ce wa kwamiti su daina yanke mana hukunci a bayan ƙofa, yanzu namu ya shiga ya ja ƙofar."

Ya murɗa rediyon ya sake kashewa.

"Uwarki za ta ce ni na zuga ki."

"Ka zuga ni?"

"Kin ji na ce wani abu?" Sai da na kai bakin ƙofa ya ƙara da cewa, "Ki goge min farar rigata, gobe zan sa."

Ranar Asabar da sassafe na tura wa Lauya saƙo.

"Za ka faɗa musu?"

"Ki yarda da ni sau ɗaya, Likita."

"Na yarda da kai. Tambayarka nake yi."

"Bayan zaɓe. Na riga na yi alkawari."

"Wa ka yi wa?"

Ya karanta, bai amsa ba. Na daɗe ina kallon wayar har fuskarta ta yi duhu. Sannan na tashi na sa rigata shuɗiya mara ado, wadda nake sawa in za mu ofishin gwamnati, na ɗaura ɗankwali tamau, na yafa mayafi, na jefa katina a jaka. Gwaggo ta ce ita ma za ta, wai tana son ganin laburaren da ake ta faɗa. Ita da ko hanyar ba ta sani ba. Gadina za ta yi.

A ɗakin ƙasan aka yi taron. An ture tebura jikin bango, mutane sun cika har wasu na leƙe ta taga. Ciyaman na zaune a gaba da robar ruwa da ƙaton tabaransa, Malama na gefensa tana rubutu. Ya yi dogon jawabi a kan yadda kwamiti ke sauraron al'umma, har wani tsoho kusa da Baba ya fara gyangyaɗi. Da aka zo tsayar da ɗan takara, wani ɗalibi ya ambaci Lauya, ɗakin ya ɗauki tafi.

Ya miƙe. Shuɗiyar riga ce a jikinsa shi ma, kamar mun haɗa baki. Ya yi magana a kan ranakun da muka yi a rana, a kan yaran da za su tashi su tarar da littafi a unguwarsu, a kan sabon kwano da wutar sola. Har ni sai da tsigar jikina ta tashi. Ina jira ya faɗa. Ina ce wa zuciyata yanzu zai faɗa, bari ya numfasa. Ya yi godiya ya zauna.

"Akwai wani?" Ciyaman ya tambaya yana tattara takardunsa. "Tun da babu..."

Na ɗaga hannu. Gwaggo ta damƙe gefen mayafina ta ƙasa.

"Gwaggo," na ce a hankali, "ko ki saki, ko in miƙe babu mayafi."

Ta saki.

Na miƙe tsaye.

"Tambaya gare ni. Ɗakin nan da muke zaune a ciki, bayan zaɓe na wa zai zama?"

Ciyaman ya leƙo ni ta saman tabarau. "Wannan ba ya cikin abin da ya tara mu, 'yata."

"Ba kai na tambaya ba, ranka ya daɗe. Wanda ke neman ƙuri'ata na tambaya."

Lauya ya juyo ya kalle ni. Zai iya yin ƙarya, masu karatu, kuma da ya yi da an yarda da shi, don bakinsa ya fi nawa nesa ba kusa ba. Bai yi ba. Ya miƙe ya faɗi komai, kamfanin, hayar, kwanon, da mayar da kowa sama. Wannan kaɗai ya isa ya sa na kasa tsanarsa, kuma shi ya fi ba ni haushi.

Nan wuri ya kaure. Kada ku ɗauka kowa bayana ya bi. Ɗaliban sama da yawa suka ce ai wannan dabara ce mai kyau, su ne ruwa ke zuba a kansu. Wani tela ya ce an sayar da mu muna tafi. Iya mai kayan miya ta buga sandarta a ƙasa har aka saurara mata.

"Ɗan nan," ta ce wa Lauya, "ka ga gwiwar nan? Gadona ma sai da aka yanke masa ƙafafu kafin in iya hawa. Ka ce min in hau bene in koyi karatu? Ka ce dai in koma gida."

"Iya, za a duba yadda..."

"Da za a duba da an tambaye ni."

Ciyaman ya buga tebur. Ya ce hurumin kwamiti ne ya yanke abin da za a yi da ginin gwamnati, ba hurumin taro ba.

"To kujerar da kuka ba mu ta mece ce?" na ce. "Ta ado? In za a yanke magana kafin wakilinmu ya zauna, ku riƙe kujerarku, muna da benci a gida."

Wasu suka yi dariya, wasu suka yi tsaki. Na ci gaba tun kafin ƙarfin halina ya ƙare. Na ce kwanon yana yoyo, babu mai musu. Amma ga tsohon garejin da ke bayan ginin, wanda babu abin da ke ciki sai karyayyun kujeru da ɓeraye, ga filin gefen titi, me ya hana a ba da su haya? An nemi wani kamfanin an rasa, ko na farko da ya ƙwanƙwasa aka buɗe wa? Ban ce na san amsa ba. Na ce a zauna a gabanmu a nemo ta. Duk zaman kwamiti a bar ƙofa a buɗe, duk maganar da ta shafi ginin nan a kawo wa masu kati kafin a sa hannu.

"Wannan sai ki gaya wa wakilinku," in ji Ciyaman.

"Ba sai na gaya wa kowa ba. Na tsaya takarar da kaina."

Na ji salatin Gwaggo a bayana. Ban kalli inda Lauya yake ba, don na san in na kalla zan zauna.

Ciyaman ya ce ƙa'ida sai wani mai kati ya goyi baya. Babu wanda ya ɗaga kati. Kowa ya san abin da ke tsakanina da Lauya, babu mai son shiga tsakanin harshe da haƙori. Sai na ga hannun Baba na dama ya tashi a hankali, katinsa a tsakanin yatsu, farar rigar nan tana ɗaukar ido.

"Uba ba ya shaidar 'yarsa," Ciyaman ya ce yana murmushi.

"To ni ban haife ta ba," in ji Iya. Ta kwance bakin zaninta ta ciro kati ta ɗaga. Matan aji suka shiga buɗe jakunkuna, mai goyo ma ta ɗaga nata. Malama ta sunkuyar da kai ta rubuta sunana.

Tun da 'yan takara sun zama biyu, aka sa zaɓe Asabar mai zuwa. Kwana ɗaya ke nan kafin zuwan manyansa gidanmu, in har zuwan yana nan.

Kafin mu isa gida gurup ɗinmu na masu kati ya kama da wuta. Wani ya rubuta wai faɗan saurayi da budurwa aka kawo mana laburare. Wata ta ce mace mai kunya ba ta yin haka. Wani ya ce ai gara da aka fasa ƙwan kowa ya ji warinsa. Na kife wayar. Gwaggo ta ninke labulenta ta mayar cikin leda, ta ce in an tashi neman mai zuwa ba da haƙuri kada a neme ta. Mama ko kallona ba ta yi ba. Ta zuba wa Baba abinci, ta zuba wa kanta, ta bar tukunyar a buɗe ta shige ɗaki. Na fi son ta zage ni.

Gab da magariba saƙo ya shigo. "Ina waje." Babu Likita.

Na fita da kayan da ke jikina. Bai zauna a benci ba, yana tsaye jikin bango, hannuwansa a aljihu. Idanunsa sun yi ja.

"Kin san zan iya ce miki ƙarya kike yi a gabansu," ya ce.

"Na sani."

"Ban yi ba."

"Na gani. Na gode."

Ya ja numfashi. "Na yanke shawara. Zan janye miki. Ki hau kujerar babu hamayya, manyana su zo kamar yadda aka shirya, magana ta mutu. In kin shiga kwamitin kin ga yadda abubuwa suke, da kanki za ki dawo kan maganata."

Masu karatu, da zan ce zuciyata ba ta motsa ba na yi ƙarya. Ga kujera, ga miji, ga Mama ta huce, duk a faranti ɗaya. Amma na hango kaina a zaune a gaban Ciyaman, kowa ya san saurayina ne ya sammin. Wa zai saurare ni? Ɗaliban da suka yarda da shi kuma, wa zai tsaya musu?

"Kada ka janye," na ce.

Ya ɗago.

"Ka tsaya. Ka faɗa musu taka gaskiyar, in faɗa musu tawa, su zaɓa. Abin da muka yi shekara muna nema ke nan. In sun zaɓe ka, ni ce ta farko da za ta yi maka barka, washegari kuma ka same ni a bakin ƙofar kwamiti ina jiran bayani. In ni suka zaɓa, kai ma ka zo ka tsare ni."

"Maganarmu fa?"

"Tana inda ka ajiye ta, ban taɓa ta ba. Amma in mutumin da zan aura ba zai iya shan kaye a hannuna ya kwana lafiya ba, gara in sani tun ina gidan ubana."

Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ido ba. "Wa ya ce miki zan sha kaye?"

"To ka gani. Ka tsaya mana."

Masu tafiya masallaci suna wucewa suna satar kallonmu. Ya juya kamar zai tafi, sai ya tsaya.

"Ciyaman ya kira ni bayan taro," ya ce yana kallon ƙasa. "Ba zai jira zaɓe ba. Ya ce tun da magana ta fita, gara a yi ta ta ƙare. Litinin da safe ma'aikatan kamfanin za su zo su fara kwashe teburan ƙasa."

"Me ka ce masa?"

"Na ce ba haka muka yi ba. Ya ce ni ba ɗan kwamiti ba ne tukuna."

"Me ya sa ka gaya min?"

"Ban sani ba."

"Kai kana ina ranar Litinin?"

Ya kawar da kai. Na ciro wayata a gabansa, na buɗe gurup ɗin, na tsallake duk zagin da ke ciki na rubuta: "Za a zo kwashe ɗakin ƙasa Litinin da safe, kafin zaɓe. Duk mai kati ya zo da katinsa da abin zamansa tun kafin a buɗe ƙofa. Babu zagi, babu taɓa kowa. Karatu za mu yi, su kwashe teburan da mu a kai."

Na tura. Wayarsa ta yi ƙara a aljihunsa. Ya ciro ta ya karanta, ya sake karantawa.

"Ina da aji ranar Litinin da safe," ya ce.

"Ni ma ina da aiki. Zan gaya wa mai kemis ya nemi mai tsaya masa, in ya ga dama ya kore ni."

Amsoshi suka fara shigowa, mai cewa yana nan tafe, mai cewa a bi a hankali. Daga cikin gida na ji Mama ta kira ni, karo na farko tun safe, kuma ba da muryar wasa ba. Na juya zan shiga, idona ya sauka a saman gurup ɗin, inda waya ke nuna wanda ke rubutu.

Lauya ne. Yana tsaye a gabana, kansa a sunkuye, yatsunsa na tafiya a kan waya, ya rubuta ya goge, ya sake rubutawa. Mama ta sake kira. Na ce mata ina zuwa, amma ban motsa daga bakin ƙofar ba.